Kunnen Direban Abu Jasim

Shekara tara na yi ina tuƙa Abu Jasim, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa bari ya gane cewa Larabcina ya wuce "yalla" da "khalas" ba. Ba mugunta ce ta sa ba. A satin da na sauka Doha wani tsohon direba, mutumin Agadas, ya ja ni gefe ya ce direban da ake zaton ba ya ji shi ke daɗewa a gidan Balarabe. Na riƙe shawarar hannu bibbiyu. Maigida ya ba ni umarni da gurgun Turancinsa, in amsa da nawa da ya fi nasa ɗingishi, sai ya ɗauki waya ya saki baki da Larabci kamar shi kaɗai ne a motar. Alhali ni Sabo na yi karatun zaure a Ringim tun ina saurayi, kuma zaman Doha ya ƙarasa buɗe min kunne. Ko tsakin da ya yi na san da wa yake.

Abu Jasim ɗaya ne daga cikin daraktocin wani kamfani na ɗakunan sanyi da jigilar abinci, wanda ba zan kama sunansa ba. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa takardar zamana a ƙasar take. Ɗakina yana jikin ƙofar gidansa a unguwar Mu'aither. A Ringim kuwa akwai matata Maimunat da yara huɗu da tsohuwata, dukkansu daga sitiyarin nan suke ci. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanar gaskiya ba. Yana da faɗa a kan sanyin mota, amma bai taɓa zagina ba, kuma da tsohuwata ta kwanta asibiti shi ya sa ni a jirgi.

Wata ranar Talata muna dawowa daga Dafna, unguwar dogayen benen nan ta bakin teku, sai shugaban kamfanin ya kira shi. Na ji komai. Wani babban kamfani na ƙasar waje ya amince zai shigo cikin nasu da dukiya mai yawa, an sa hannu da safiyar nan, amma ba za a sanar ba sai bayan sati biyu, kuma kada kowa ya ji. Abu Jasim ya yi ta hamdala. Ni kuma na ji daɗi a raina kamar yadda bawan Allah ke jin daɗi in gidan da yake ci ya samu buɗi. Ban ɗauke shi wani abu da ya wuce haka ba.

Duk Juma'a bayan masallaci gidan Injiniya Badaruddeen nake zuwa a Madinat Khalifa. Ɗan garinmu ne, yana aiki a harkar iskar gas, kuma matarsa Hajiya Zalihatu tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da ke sa mutum ya manta yana ƙasar wasu. Likitoci da malaman jami'a ne ke cika falon. Ni kaɗai ne direba. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni, amma na san matsayina: wannan ya zo da dabino mai tsada, wancan da turare, ni kuwa in zo da cikina. In an gama ci sai su shiga hirar hannun jari, in zauna ina gyaɗa kai kamar na san inda aka dosa.

Injiniya mutum ne mai son koyarwa, ko ba a tambaye shi ba. Daga bakinsa na ji cewa an buɗe kasuwar hannun jarin Doha a shekarar 1997 da kamfanonin da ba su kai ashirin ba, kuma sai bayan wasu shekaru aka yarda baƙi irinmu su saya. Ya ce kafin nan a ɗakunan dillalai ake cinikin, da baki da musafaha, wanda ya san wani ya ci, wanda bai san kowa ba a cuce shi. Na ji wannan bayani ya fi sau goma. Ban taɓa kawowa a raina cewa da ni ake ba.

A Juma'ar satin nan, baƙi sun watse saura ni ina taya shi naɗe ledar cin abinci, sai ya fara mita. Ya ce yana da ɗan hannun jari a kamfanin maigidana, shekara uku abu ya ƙi gaba ya ƙi baya, ranar Lahadi da an buɗe kasuwa zai sayar ya huta. Wallahi wani irin daɗi ne ya taso min tun daga ƙafa. Yau ga ni da abin da babu likitan da ya kawo. Na gyara zama na ce, "Injiniya, albishirinka."

Kafin ya buɗe baki Hajiya Zalihatu, da ta shigo ɗaukar kwanuka, ta amsa da dariya, "Goro, Malam Sabo."

"Fari ko ja, Hajiya?"

"Fari ƙal."

Na zayyana musu abin da na ji a mota, ban rage ko wasali ba. Hajiya ta yi murna ta fita da kwanukanta. Injiniya kuwa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni wa da wa na gaya wa, na ce shi kaɗai. Ya ce in bar maganar a nan. Na ɗauka nauyin alherin da na yi masa ne ya kashe masa baki.

Bai sayar ba. Daga baya na ji cewa ranar Lahadi ya kwashe duk abin da ya tara ya ƙara saye, har da sunan Hajiya ya saya. Bayan sati biyu aka yi sanarwa, farashi ya yi sama kwana huɗu a jere. A rana ta biyar ina wanke mota wayata ta yi ƙara. Hajiya Zalihatu ce ta turo min kuɗi ta banki, abin da ya fi albashina na wata, ta kuma rubuta a jikin saƙon da Hausa: goron albishirin hannun jari, Allah ya ƙara buɗi. 'Yar gidan mutunci ce, a gidansu ba a amsa "goro" a kuma yi shiru. Ba ta ma shawarci mijinta ba, don a wajenta wannan ba abin shawara ba ne. Na tura wa Maimunat ta gyara rufin ɗakin tsohuwa, na kira Hajiya na yi godiya har da sa albarka.

Wata biyu aka yi lafiya lau. Sai ranar wata Litinin da azahar Injiniya ya kira ni da wata lamba da ban sani ba, ya ce in same shi a wani shagon shayi a Al Asmakh bayan la'asar, kuma kada in zo da motar maigida. Tun daga muryarsa na san ba lafiya ba.

Na same shi a can ƙuryar shagon, ya zabge kamar wanda ya tashi daga jinya. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ya ce hukumar da ke sa ido a kan kasuwa tana da na'urori da ke lura da duk wanda ya yi saye mai yawa dab da babbar sanarwa. Sun kira shi sau biyu, sun hana shi taɓa hannun jarin, sun bi asusunsa da na Hajiya, sun ga saƙon goro, sun sa an fassara musu. Sun kuma gano wanda nake tuƙawa. Na tambaye shi laifin me aka yi, tunda ba sata muka yi ba. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce a dokar kasuwa sata ce, kuma hukuncinta tara ce, ko ɗauri, ko duka biyun, sannan a sa mutum a jirgi.

Abin da na fara gani a idona shi ne Maimunat tsaye a bakin ƙofa an zo mata da labarin mijinta yana kurkukun Larabawa.

Injiniya ya riga ya shirya abin da za mu faɗa. Shi ya gaya musu cewa nazarinsa ne ya nuna masa kamfanin zai tashi. Kuɗin da Hajiya ta turo kuwa sadaka ce ta murna, irin wadda ake ba ɗan gari talaka. Ya matso kusa ya ce, "Malam Sabo, mafitarmu a hannunka take. Kai ba ka jin Larabci. Maigidanka da kansa zai shaida haka. Wanda ba ya ji, me zai ɗauko daga mota?"

Na ce to. Me zan ce? Na fito, na wuce tashar jirgin ƙasa sau biyu ban gan ta ba.

Daga ranar abinci ya daina shiga. In motar 'yan sanda ta biyo ni a baya sai in yi ta leƙen madubi. In wayata ta yi ƙara sai in tsaya ina kallonta kamar kunama. Na goge saƙon Hajiya, na dawo na ji tsoron gogewar ma laifi ce. A sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake. Mai dafa abincin gidan, wata 'yar Indonesiya, ta tambaye ni ko ciwon suga ne ya kama ni.

Abin da ya fi komai ci min rai shi ne, duk bala'in a cikin motata yake gudana, a bayan ƙeyata. Tunda an ga zaren ya biyo ta gidan Abu Jasim, sai aka koma kansa. Aka ce ya dakata da zuwa zaman daraktoci har a gama bincike. Mutumin da wayarsa ba ta hutawa, sai ga shi muna tafiya daga Mu'aither har Dafna ba wanda ya kira. Waɗanda ya kira kuwa sai su ce suna cikin taro. Na ji shi yana gaya wa yayansa cewa mahaifinsu ya yi cinikin hannun jari tun ana yinsa da musafaha a tsohon gari, ba a taɓa kama shi da ha'inci ba, yau ga sunan gidan ana yawo da shi a majalisu. Na ƙura wa titi ido na yi fuskar wanda bai san me ake cewa ba, fuskar da na ƙware a kanta.

Sai zarginsa ya faɗa kan babban ɗansa Jasim, wanda ke aiki a banki, don shi kaɗai ya tuna ya yi wa zancen a gida. Ranar da na ɗauko su tare daga masallaci, uban ya titsiye shi a kujerar baya. Jasim ya rantse, ya sake rantsewa, har ya yi kuka, magidanci mai 'ya'ya biyu. Uban ya ce kada ya ƙara taka masa gida sai gaskiya ta fito. Ya sa na tsaya a gefen titi, Jasim ya sauka cikin rana. Da na ja mota na hango shi a madubi yana tsaye bai motsa ba. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, na yi shiru.

Takardar kirana ta zo daga hukumar ranar Laraba, aka ce in bayyana ranar Lahadi da ƙarfe goma. Abu Jasim da kansa ya karanta min, ya dafa kafaɗata ya ce da Turancinsa kada in ji tsoro, zai shiga tare da ni a matsayin kafil, in gaya musu kawai ban san komai ba. Injiniya ya sake kira ranar Asabar ya maimaita min karatun. Ya ce in tuna da 'ya'yana, shi ma yana tuna nasa.

Ranar Lahadi na ajiye mota a filin ajiye motoci na ginin kasuwar hannun jari muka hau bene. A ƙasa na hango wani babban allo, sunayen kamfanoni suna gudu a kai, wasu kore wasu ja, wasu dattawa suna zaune sun ɗaga kai suna kallo kamar masu jiran jirgi. Ɗakin da aka kai mu ƙarami ne, sanyinsa har cikin ƙashi. Wata mata ce mai tabarau ke tambaya, da wani mutum a gefenta yana rubutu. Sun kawo tafinta, Ustaz Ɗalhatu, Bahaushen Sudan, Hausarsa irin ta kakanni.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kafin ta tambaye ni komai tana so in san abin da ya sa aka tara mu. Ta ce dattawan da na gani a ƙasa, wasunsu kuɗin fanshonsu ne a kan allon nan, wasu na marayun da suke riƙo. An kafa kasuwar ne don labari ya iske kowa a lokaci ɗaya, mai gata da marar gata. Duk hannun jarin da Injiniya ya saya a wancan satin, wani ne ya sayar da shi da arha don bai san abin da mai sayen ya sani ba. Na gane kowace kalma tun daga bakinta, amma dole na zauna da fuskar sakarai ina jira Ustaz Ɗalhatu ya juya min. Jin maganar sau biyu ya fi duka ciwo. Sai na tuna dillalan shanu a kasuwar garinmu da ke tare Bafulatani a hanya su saye masa sa kafin ya ji farashin ranar. Tun ina yaro na tsani mutanen nan.

Ta tura min takarda, ga saƙon Hajiya an buga shi, ga fassara a ƙasa. Ta tambayi wane albishir na kai. Na buɗe baki zan fara karatun Injiniya, sai Abu Jasim ya riga ni. Ya ce su daina wahalar da bawan Allah, shekara tara yana tare da shi, bai san Larabcin da ya wuce na tsayawa da tafiya ba. Matar ta ce wannan magana ce babba, domin in direban ba ya ji, to daga cikin gidan labarin ya fita, kuma za su kira ɗansa. Ta tambaye shi ko zai tsaya a kan maganarsa a rubuce. Ya ɗaga hannun dama ya fara, "Na rantse da Allah wanda babu abin bauta..."

"Kada ka rantse, Baba."

Da Larabci na faɗa. Ban san lokacin da ta fito ba. Mai rubutu ya ɗago kai. Ustaz Ɗalhatu ya buɗe baki zai fassara, ya ga babu abin fassarawa, ya rufe. Hannun Abu Jasim yana nan a sama, ya juyo yana kallona kamar kujerar motarsa ce ta yi magana.

Na faɗi komai da Larabcin, tun daga wayar ranar Talata har zuwa rufin ɗakin tsohuwata. Na ce Jasim ba shi da hannu, maigida bai taɓa gaya min komai ba, Hajiya kuma al'adarmu ta bi, ba ta san doka ba. Matar ta sa na yi mata bayanin goron albishir sau biyu. Ina magana ina jira a buɗe ƙofa a shigo da ankwa. Ba a shigo da ita ba. Aka karanta min abin da na faɗa na sa hannu. Matar ta ce za a miƙa maganar gaba, ba ita ke yanke hukunci ba, za a rubuta cewa da kaina na faɗi gaskiya, amma ba ni da izinin barin ƙasar sai an gama. Na tambaye ta ko za a ɗaure ni. Ta ce ba ta sani ba.

Muka sauko. Rana ta take, filin motocin kamar tanda. Na yi sauri na buɗe masa ƙofar baya yadda na saba, amma bai shiga ba. Ya tsaya ya kira Jasim, ya ce masa ya zo gida cin abincin rana, ya kashe wayar. Na ɗan ji sanyi a raina, har na fara sa ran ko zai dubi abin da na yi yau ya yafe na baya.

Sai ya juyo. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, da fushi ne da na san yadda zan ba da haƙuri. Tsoro ne, irin wanda na kwana da shi wata guda. Ya yi magana da Larabci a hankali, karo na farko da ya taɓa yi min shi kai tsaye.

"Me kuma ka ji, Sabo?"

Na tuna ciwon da likita ya gaya masa wanda har yau matarsa ba ta sani ba. Na tuna rigimar gadonsu, da abin da ya ce game da yayansa, da manyan mutanen da yake yi wa dariya bayan ya gama rungumarsu. Shekara tara, safe da yamma. Na nemi ƙaryar da zan yi, na ga na riga na kashe ta a saman benen.

"Komai, Baba. Amma wannan kaɗai na taɓa faɗa."

Ya gyaɗa kai, ina jin ma ya yarda da ni. Sannan ya miƙo tafin hannunsa. Na sa masa makullin. Ya rufe ƙofar bayan da na buɗe, ya zagaya ya shiga gaba, ya daɗe yana laluben yadda ake matso da kujera, sannan ya ja motar a hankali ya fita. Na tsaya a wajen da takardar hukuma a hannuna. Duk kayana suna Mu'aither, kuma ban san wace bas ce ke zuwa can ba.